Asiton: Ruwan da Ke Bambance Ƙwayoyin Sanƙarau

Asiton wani ruwa ne garai-garai mai ƙarfin ƙamshi, wanda mata suka fi sani da maganin goge jan farce. A wajen masana kimiyyar sinadarai, shi ne ƙarami a cikin dangin da ake kira kiton. Ƙirarsa ba ta da wuya: ƙwayoyin zarra uku na kabon ne a jere, na tsakiya yana riƙe da oksijin guda, na gefe biyu kuma kowanne da haidirojin uku. Ana rubuta shi CH₃COCH₃. Ɓangaren oksijin yana sa shi gauraya da ruwa, gefunan biyu kuma suna sa shi narkar da maiƙo. Abubuwan da suka haɗa waɗannan halaye biyu ba su da yawa, shi ya sa ake ɗauraye kwalaben gwaji da shi.

Amma a ƙasa irin tamu yana da wani muhimmin aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Gaya da Ajingi, kamar sauran Jihar Kano, suna cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da bazara. A annobar 1996, fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. To, sanƙarau ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo shi ba. Akwai maningokokas, wadda ke yaɗuwa ta zama annoba, akwai kuma numokokas, wadda ba ta cika yaɗuwa haka ba, amma ta fi kisa. Alamominsu a jikin majiyyaci kusan ɗaya ne.

Idan aka kai yaro mai sanƙarewar wuya babban asibitin Gaya ko makamancinsa, hanya mafi sauri ta rarrabe su ita ce wadda Hans Christian Gram, likita ɗan ƙasar Danmak, ya bayyana a 1884. Akan ɗebi ruwan lakar baya, a shafa a gilashi, a rina da shunayya, a zuba aidin don rinin ya kama. Daga nan sai a kwarara asiton, ko shi kaɗai ko gauraye da barasar gwaji, a ɗauraye nan take. Numokokas tana da bango mai kauri; asiton ya tsotse ruwan bangon, ya tsuke, rini ya maƙale a ciki. Maningokokas kuwa bangonta siriri ne, an lulluɓe shi da maiƙo. Asiton ya narkar da maiƙon, rini ya zube. Sai a ƙara jan rini. A madubin likita, ta farko ta fito shunayya, ta biyu ja-ja, biyu-biyu kamar ƙwayoyin wake sun fuskanci juna.

Duk cikin matakan nan, na asiton ne ya fi son ƙwarewa, domin daƙiƙa biyu zuwa uku ya ishe shi. In ya daɗe, har mai kaurin bango sai ta saki rini, ta yi kama da ɗayar. In bai isa ba, duka su fito shunayya, a kasa gane cewa annoba ce ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Malaman kimiyya su lura da wani halinsa. Asiton yana tafasa a digiri 56 na Salshiyas, alhali zafin Afrilu a Ajingi yakan kai 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Kwalbar da aka bari a buɗe sai a tarar ta ƙafe. Tururinsa kuma ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, yakan bi saman tebur har ya tarar da risho ko fitila, wuta ta biyo shi baya zuwa kwalbar. Don haka a toshe shi sosai, a ajiye a ƙasan kabad mai sanyi, kada kuma a buɗe shi sai an kashe kowace wuta a ɗakin, an buɗe tagogi.