Rabi ta tashi da tukunyarta: abin da littafin Alhaki Kuykuyo Ne yake faɗa maka

A shirinmu na wannan mako mun ajiye zancen farashin dabbobi na ɗan lokaci, muka ɗauko littafin soyayya. Kada ka ce wannan ai hirar 'yan mata ce. Saurara tukuna, domin labarin ya shafi aljihunka da gidanka.

Littafin shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Marubuciyar ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad. Tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren bai ɗore ba, daga baya ta koma ilimin manya. Ka ga ke nan ta san zafin abin da take rubutawa. An mayar da labarin fim a 1998, sannan a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi.

Ga labarin a taƙaice. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri, 'ya'yansu tara. Kuɗi yana shigo masa, amma na cefane sai an yi da gaske. Ana cikin haka ya auro Delu, mace mai buɗaɗɗen ido. Rikici ya ɓarke tsakanin kishiyoyi, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da yaranta.

To, nan ne littafin ya bambanta da waɗanda ka saba ji. Rabi ta yi kuka, amma marubuciyar ba ta bar ta a ɗaki tana jiran wani attajiri ya zo ya share mata hawaye ba. Dafa abinci ta fara yi tana sayarwa. Da wannan tukunya ta ciyar da yara, ta riƙe su a makaranta. Me ya sa abinci? Ke 'yar'uwa da ke tuyar ƙosai a tasha, kin fi ni sani. Sana'a ce da ba ta buƙatar babban jari, kuɗinta yana juyawa kullum, kuma ko ba a sayar duka ba, yara sun samu na dare. Haka matar makiyayi take da ƙwaryar nononta: abin da ta samo a furarta nata ne, ranar da gida ya girgiza shi ne yake tsaye.

Soyayyar kuma tana nan, sai dai ta bi ta kan 'yarta Saudatu, wadda wani mai hali, Alhaji Abubakar, ya gani ya aura saboda tarbiyyarta. Dariya ma akwai, musamman idan ka ga yadda Alhaji Abdu, mai cika baki a gaban uwar 'ya'yansa, yake zama ɗan aike a gaban Delu. Irin dariyar nan ce da kake yi kana tuna wani maƙwabcinka.

Daga nan sai alhaki ya biyo ubangidansa. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, ya dawo yana roƙon Rabi. Ba ta so komawa ba, amma dangi suka matsa mata har ta yarda. Ta koma gidan da aka kore ta, sai dai yanzu ita ce mai ciyarwa.

Wannan ƙarshe shi ne masu karatu suke ta ja-in-ja a kansa. Wasu suna cewa Rabi ta ci nasara, tunda wanda ya wulaƙanta ta ya dawo ƙarƙashin inuwarta. Wasu kuma suna cewa ina nasarar, tunda ba a bar ta ta zaɓa ba? Ni dai a ganina marubuciyar da gangan ta bar mana wannan ƙaya a maƙogwaro. Ta nuna cewa mace tana iya sake gina sana'arta da hannunta, amma yanke shawarar aurenta sau da yawa yana hannun wasu.

Yanzu kai malam, da kake kora shanu zuwa Maigatari, ko kake ɗauko kaya daga Jibiya zuwa Maraɗi, ka yi mako biyu ba ka gida: me ka bari na cefane? Kuma ka tuna, a Musulunci saki yana raba miji da mata, amma ciyar da 'ya'ya yana nan a wuyan uba. Alhaji Abdu ya manta da wannan, har ranar da wuta ta tuna masa.

Ke kuma 'yar'uwa, kada ki jira ranar baƙin ciki kafin ki kama sana'a. Sadakinki naki ne, akuyarki taki ce, zubin adashinki ki riƙe shi da kyau. Rabi ta fara daga tukunya ɗaya bayan an kore ta. Da ta fara tun tana ɗakinta, da wahalar ba ta kai haka ba.

Idan ka shiga Kano ko wata babbar kasuwa, ka tambayi masu sayar da littattafan Hausa. Wanda bai iya karatu ba, ya sa yaro ya karanta masa da dare, a saurara gida ɗaya. Sannan ku aiko mana da amsa: da ke ce Rabi, za ki koma? Da kai ne wanta, za ka matsa mata? Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare hanya da garke.