Ɗan sanda ba ya tsayawa kallo

In ɗan sanda ya ga babbansa yana zaluntar mutum, mi ya kamata ya yi? Dokar Amurka ta ce ya hana shi.

A 2020, a birnin Miniyapolis, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9. Floyd ya mutu.

Wani sabon ɗan sanda, Alexander Kueng, yana riƙe da Floyd lokacin. Chauvin ne ma ya koya mashi aiki. Hana maigida da wuya, kun sani. Amma a 2022 kotu ta kama Kueng da laifin rashin hanawa da rashin ceton Floyd, ta ɗaure shi shekara 3.