Zazzaɓi a Ƙofar Makaranta: Saɓanin Iyaye da Malamai a Kalambaina Lokacin Korona

Ranar 26 ga Janairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar kariya daga cutar korona. Cikin abin da dokar ta tanada har da cewa duk wanda zafin jikinsa ya haura digiri 38 kada a bari ya shiga wurin taruwar jama'a, a shawarce shi ya nufi asibiti. Tun kafin nan, a watan Yulin 2020, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta riga ta fitar da ƙa'idojin sake buɗe makarantu: a auna zafin jikin yara a bakin ƙofa, a tanadi ruwa da sabulu, a sa takunkumi, a ba da tazara a aji, wanda ba shi da lafiya kuma ya zauna gida. A takarda babu abin ja a ciki. Amma a unguwa irin Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko, wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta zama abin sa-in-sa tsakanin iyaye da masu makarantu. An daɗe ana fassara saɓanin da taurin kai ko rashin wayewar iyaye. A ganina wannan fassara ta yi arha, kuma ta rufe mana ido daga ainihin inda gizo ke saƙa.

A fara da lokacin da aka koma aji. An rufe makarantun Arewa maso Yamma daga 23 ga Maris 2020, bisa shawarar gwamnonin yankin, kusan wata guda kafin a tabbatar da mutum na farko mai cutar a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Agusta domin jarrabawar WAEC, sauran kuwa sai wajen Oktoba. Duk wanda ya san Sakkwato ya san me Oktoba ke nufi: ƙarshen damina, fadamun gulbin Rima cike da ruwa, sauro ya yi ƙiba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna cewa a jihar Sakkwato kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar cutar a jini. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida a damina kuma na 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ne, ɗan firamare ya wuce layin. Da aka sake komawa ranar 18 ga Janairun 2021, bayan cutar ta sake tasowa, sai aka faɗa tsakiyar hunturu, lokacin da mura da tari ke bin gida-gida. A Kalambaina ƙurar hunturu takan haɗu da wadda manyan motoci ke tayarwa a hanyar masana'antar siminti, wadda take aiki a nan tun 1967. Zazzaɓi da tari su ne alamomin korona da aka koya wa malamai su lura da su, kuma su ne abokan zaman yaron Kalambaina tun kafin a ji sunan korona.

Ga yadda abin yake a ƙofa. Ƙarfe bakwai da rabi, malami na tsaye da na'urar auna zafi, gefensa bokiti mai famfo da ɗan guntun sabulu. Uba ya sauke yara uku daga mashin, zai wuce wurin aiki. Na'ura ta yi ƙara a goshin na tsakiya. Malami ya ce, "Alhaji, wannan sai dai ya koma." Uba ya taɓa wuyan ɗansa ya ce, "Malam, masassara ta, jiya ma mun sayo mishi magani kemis." Malami ba shi da abin da zai tabbatar da maganar uban, ba shi kuma da abin da zai ƙaryata ta. Abin da ke hannunsa lamba ce kawai a jikin na'ura, da umarnin hedimasta. Uban kuma yana da sanin ɗansa, da rasitin kuɗin zangon da ya biya da ƙyar. Kowannensu na da gaskiya gwargwadon abin da ya sani, kuma babu na ukun da zai raba gardama.

Wannan na ukun shi ne gwaji. Dokar ta faɗi yadda za a fitar da yaro, amma hanyar dawo da shi ta kasance a dagule. Gwajin korona a lokacin sai a ɗakunan bincike ƙalilan, kuma sakamako kan ɗauki kwanaki. Abin da kowa ya haddace shi ne killacewa ta kwana goma sha huɗu, sai kowace makaranta ta yi nata ijtihadin: wata ta ce mako biyu, wata ta ce sai an kawo takardar likita, wata ta ce da zarar jiki ya yi sanyi. Takardar likita kuwa ba kyauta take zuwa ba. Akwai kuɗin kati, da na mota, da yini guda a layi, a jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a rahotonta na 2019 kusan kashi 88 cikin ɗari na mutanenta na fama da talauci, adadi mafi yawa a duk ƙasar. Mai aikin lodi a bakin masana'anta ko ɗan kabu-kabu, in ya rasa yini, gidansa ne ya rasa cefane.

Sai kuma tsoron suna. A lokacin, cibiyar killace masu korona ta jihar tana Amanawa, wurin da mutanen Sakkwato suka daɗe da saninsa da asibitin kutare. Uwa ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kafin ta hango abin da zai biyo baya in aka ce an kori ɗiyarta daga makaranta saboda ana zargin korona: maƙwabta su hana yaransu shiga gidan, masu sayen ƙosai ko ƙuli-ƙulinta su canja gida. Yaron da aka mayar a gaban 'yan ajinsa kuma yakan sha tsokana har bayan ya warke.

Ba zan ɗora wa malamai laifi ba, domin tsoronsu ba na banza ba ne. Sun ji abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020, inda dattawa suka yi ta rasuwa a jere. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma rabi ko fiye da haka mai yiwuwa korona ce sanadi. Yara ba su cika jigata da cutar ba, amma gidajenmu gidajen gandu ne, jika yana kwana ɗakin kaka mai hawan jini ko ciwon suga. Dokar, in aka duba da kyau, kakar take karewa fiye da jikan. Kuma asalinta ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa an hana shiga garin da annoba ta sauka, an hana fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya yi ta kira a bi shawarar likitoci. Ko a gargajiyance, tsofaffinmu ba sa barin mai ƙyanda ko ƙaranbau ya cuɗanya da sauran yara. Ba keɓe marar lafiya iyaye suka ƙi ba. Abin da suka ƙi shi ne a keɓe ɗansu kan cutar da ba su gani ba, bisa hukuncin da ba a yi shawara da su ba, ba tare da an ce musu ga ranar dawowa ba.

Batun rashin gani yana da nauyi. Duk tsawon annobar, waɗanda aka tabbatar sun kamu a jihar Sakkwato ba su kai dubu ɗaya ba a lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. Ƙarancin gwaji na cikin dalilan ƙanƙantar adadin, amma talaka da abin da idonsa ya gani yake aiki. Ya ga sanƙarau a 2017, wanda ya kashe mutum fiye da dubu ɗaya a ƙasar, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Ya san yadda amai da gudawa ke ɗauke yaro cikin yini. Korona kuwa a rediyo ya fi jin ta, tare da labarin biliyoyin da aka ware da kayan tallafin da aka gano jibge a rumbuna a wasu jihohi a watan Oktoban 2020. A bayan wannan kuma akwai tsohon miki, na gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, wanda ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Malamin da ke riƙe da na'ura a ƙofa bai san ya gaji duk wannan ba.

Wani abin da ya raunana dokar shi ne ba ta killace kowa ba a zahiri. Yaron da aka mayar da safe, da la'asar yana Islamiyya cikin yara sittin a tabarma ɗaya, kafin nan ya je ɗiban ruwa, ya je aike kasuwa. Makarantun gwamnati masu cunkoso ba su da halin ba da tazara ballantana ɗakin keɓewa, don haka rikicin ya fi zafi a makarantu masu zaman kansu, inda ake biyan kuɗi. Su ma masu makarantun suna tsaka mai wuya. Sun yi watanni babu kuɗin shiga, malamansu da yawa ba albashi. In sun sassauta suna tsoron jami'an sa-ido su rufe su, in sun tsaurara uba ya kwashe yaransa huɗu ya kai makarantar gaba. Abin da ya biyo baya shi ne dokar ta koma ta ganin ido: a tsaurara ranar da ake jiran baƙi daga ma'aikata, a saki bayan sun tafi.

Ko a ƙasashen da ke da hali an yi wannan ja-in-ja. A Ingila, tsarin mayar da aji guda gida saboda yaro ɗaya ya sa ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ba sa makaranta a wani mako na Yulin 2021, iyaye suka yi ca, gwamnati ta soke tsarin. A Amurka an rage kwanakin killacewa daga goma zuwa biyar a Disambar 2021. Sai dai yaron can in ya zauna gida yana da kwamfuta da intanet da gwajin da za a yi masa a ɗaki. Namu darasin rediyo aka ba shi, a gidan da rediyon ke aljihun uba.

Sakamakon da ya fi damuna shi ne ɓoye ciwo. Iyaye sun gane da wuri cewa farasitamol na saukar da zafi na 'yan sa'o'i, sai a ba yaro da kokon safe, ya wuce na'ura lafiya lau, ƙarfe sha ɗaya ya kife kai a benci. An kuma koya wa yara kada su gaya wa malami ba su da lafiya. Dokar da aka yi domin a gano marar lafiya sai ta koyar da dabarar ɓoye shi. Wannan ɗabi'a ba ta tafi da korona ba. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Najeriya, ta kashe fiye da dubu uku, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya yi wa tsanani. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi kowa ɗanɗanawa, kuma yara 'yan makaranta ya fi kamawa. Waɗannan su ne cututtukan da jinkirin yini ɗaya ke raba rai da jiki, kuma su ne suka tarar da iyaye da malamai ba sa gaya wa juna gaskiya.

Asarar karatu ita ma ba ƙarama ba ce. Bayan wata shida zuwa bakwai a gida, ga satar ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 ta sa an rufe wasu makarantun kwana a yankin, kowane mako biyu da aka ƙara wa yaro yana iya zama na ƙarshe. Namiji ya fara bin mota ko koyon gyaran mashin, ya ɗanɗana kuɗi. Mace ta ɗauki farantin talla, ko a fara maganar aure. A jihar da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015 saboda yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, mayar da yaro gida ba ƙaramin hukunci ba ne, bai kamata a yanke shi da ƙarar na'ura kaɗai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, na'urorin auna zafi sun koma cikin durowa, amma tambayar na nan: yaushe yaro zai zauna gida, yaushe zai dawo, wa zai yanke? Najeriya na da manufar kula da lafiya a makarantu tun 2006, sai dai iyaye ƙalilan ne suka taɓa jin labarinta. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsinken yatsa ba ya wuce minti ashirin, kuma da a ce kowace makaranta a Kalambaina na da asibitin sha-ka-tafi da aka haɗa ta da shi, wanda zai duba yaro ya ba da 'yar takarda kyauta a ranar, da mafi yawan gardamar bakin ƙofa ta mutu kafin azahar. Sauran kuma aikin zama ne: kwana nawa ga mai ƙyanda, nawa ga mai gudawa, nawa ga mai tari, a rubuta da Hausa da ajami, a liƙa a ƙofa, a karanta a taron iyaye da malamai, a kuma yi alkawarin cewa wanda ya rasa jarrabawa saboda ciwo za a yi masa tasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kira ga ma'aikatun ilimi da lafiya na jihar Sakkwato, da hukumar ilimi ta Wamakko, da kwamitocin makarantun Kalambaina, har da na Islamiyyu, su zauna da iyaye su rubuta wannan yarjejeniya yanzu da babu annoba, tun kafin zafin bazara mai zuwa ya kawo sanƙarau.