Motsa Jiki da Neman Haihuwa: Inda Yake Amfani da Inda Ba Ya Yi

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ma'aurata a matsayin masu matsalar rashin haihuwa idan suka shekara guda suna saduwa ba tare da amfani da wata hanyar hana ɗaukar ciki ba amma ciki bai samu ba, kuma rahotonta na shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan a rayuwarsa. Motsa jiki na cikin shawarwarin da likitoci kan fara bayarwa, sai dai amfaninsa ya danganta da musabbabin matsalar.

Inda ya fi tasiri shi ne ga matan da ƙiba ta hana su fitar da ƙwai a kan kari, musamman masu larurar da likitoci ke kira PCOS, wadda alamominta suka haɗa da rikicewar al'ada da fitowar gashi a fuska. A jikin irin waɗannan mata, insulin, wato sinadarin da ke sarrafa sukari a jini, ba ya aiki yadda ya kamata, sai jiki ya riƙa samar da shi da yawa, yawan nasa kuma ya dagula sinadaran da ke nunar da ƙwai. Tafiya da sauri ta minti 150 zuwa 300 a mako, tare da rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, takan daidaita al'ada. Wuce gona da iri kuwa illa ce, domin macen da ke atisaye mai tsanani ba tare da isasshen abinci ba, ƙwaƙwalwarta kan dakatar da saƙon da ke tafiyar da al'ada.

Namiji ma, wanda galibi ake mantawa da shi a wannan zance, ƙiba na rage masa sinadarin mazakuta, kuma allurai da ƙwayoyin gina tsoka da wasu masu ɗaga ƙarfe ke amfani da su suna iya tsayar da samar da maniyyi. Tunda ƙwayoyin maniyyi kan ɗauki kusan kwana 74 kafin su ƙosa, ba a ganin sakamakon gyara sai bayan wata uku.

Wani bincike da aka gudanar a ƙasar Holan kan mata 577 masu ƙiba, aka kuma wallafa a 2016, ya cancanci lura: waɗanda suka yi wata shida suna rage nauyi kafin fara maganin rashin haihuwa sun fi samun ciki ba tare da taimakon asibiti ba, amma a jimlace ba su fi sauran matan haihuwa ba. Don haka jinkirta magani da sunan rage ƙiba ba dabara ba ce ga macen da shekaru suka fara ja mata. Haka kuma, a ƙasashen Afirka da dama toshewar bututun mahaifa sakamakon cututtukan da ba a yi maganinsu da wuri ba na cikin manyan dalilan rashin haihuwa, motsa jiki kuwa ba ya buɗe bututun da ya toshe.