Ɗakin Shan Magani a Lokacin Annoba: Misali Daga Arewacin Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, watau daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya nazarce ta a shekarun 1960, ya bayyana yadda ake nome gonakinta shekara bisa shekara ba hutu. Gida yana kallon gida, kuma kullum jama'a suna shiga birni da itace da hatsi, su komo da taki. Hanyar da taki yake bi, ita cuta take bi. Haka aka gani a sanƙarau na 1996, wanda ya kashe fiye da mutum dubu 11 a Nijeriya, da cutar korona da aka tabbatar da ɓullarta a Kano ranar 11 ga Afrilu 2020, da mashaƙon da ya addabi jihar a 2023.

A irin wannan lokaci, ɗakin shan magani na ƙauye yakan zama wuri mai hatsari, domin nan ne mai tari da mai juna biyu da jaririn da aka kawo rigakafi suke haɗuwa a kan benci ɗaya. Ma'aikaci ma bai tsira ba. A watan Janairu na 2020 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka rasu bayan an yi wa wata mai juna biyu aiki, ashe tana ɗauke da zazzaɓin Lassa. In haka ta faru a babban asibiti, ina ga ɗakin da malamin asibiti guda ne, sai ungozoma da mai shara? Babban asibiti yana iya sauya ma'aikaci da wani. A ƙauye kuwa, ranar da malamin ya kwanta ranar ake rufe ƙofa, haihuwa ta koma gida, yaro mai zazzaɓin cizon sauro ya rasa mai duba shi.

Abin lura shi ne, mafi yawan kariyar da ake bukata tsari ne, ba kayan tsada ba. Tacewa tana farawa daga bakin ƙofa: a tambayi kowa abin da ya kawo shi kafin ya shiga. Mai tari da zazzaɓi a ba shi takunkumi, a zaunar da shi daban a inuwar darbejiya, domin iskar waje tana watsa ƙwayoyin da numfashi yake ɗauka, alhali rufaffen ɗaki tara su yake yi. Wannan ya fi wuya a lokacin hunturu, sa'ad da kowa yake son a toshe taga, kuma daga nan ne zuwa bazara sanƙarau yake tashi. Mai amai da gudawa, wanda ya fi yawa da damina, hukuncinsa dabam ne: nasa masai, nasa bokiti, da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari don wanke abin da ya ɓata, da mai kashi 0.05 don hannu. Safar hannun da aka taɓa mutum goma da ita ba ta kare kowa sai mai ita.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne wajen al'ada da harshe. Kalmar majinyaci a Hausa tana nufin marar lafiya, tana kuma nufin mai kula da shi, sai ka ce harshen kansa ya ƙi raba su. Dubiya kuwa hakki ne. Wanda bai je ba, an riƙe shi a zuci ke nan. Saboda haka ma'aikacin da ya ce wa dattijo "an hana shiga" ya sayi gaba, kuma gobe za a ɓoye masa marar lafiya a ɗaka. Kalmar killacewa ma tana da ƙamshin ɗauri a kunnen mutumin ƙauye. Ya fi dacewa a ce, "Baba, mutum ɗaya zai zauna da shi, sauran ku gaishe shi ta taga, don kada ta bi ku gida." A zaɓi mai jinya guda, wanda ba tsoho ba kuma ba mai ciki ba, a koya masa wanke hannu, kada a riƙa sauya shi kullum.

Irin wannan magana ta fi shiga idan ta fito daga bakin dagaci da liman, musamman da yake hadisi ya riga ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinsa. Wajibi ne a zauna da su tun cutar ba ta iso ba, a daddale wanda zai yi wa mamaci wanka da yadda zai kare kansa, da motar da za ta kai mai tsanani Asibitin Zana ko Asibitin Murtala a birni, da ma'aikacin da zai zo daga Bichi ko Dambatta ya riƙe ɗakin in malamin ya wayi gari da zazzaɓi.