Bayahude mai rowa: daga ina wannan barkwanci ya samo asali?

Duk mai kallon wasannin ban dariya na Turai da Amurka ya san wannan siffa: Bayahude mai dogon hanci, yana ta ƙirga kuɗi, ko sisi ba ya saki. Siffar ta girmi talabijin da ɗaruruwan shekaru.

A shekarar 1179, babban taron cocin Katolika a birnin Rum ya tsananta wa Kirista haramcin ba da bashi da ruwa. A lokacin, a garuruwa da yawa na Turai an hana Yahudawa mallakar gona, an kuma rufe musu ƙofar ƙungiyoyin masu sana'a. Ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan aka toshe wa mutum hanyoyi aka bar masa guda: ita zai bi. Wasu suka shiga ba da bashi, sarakuna na karɓar kasonsu, mai bashi kuwa ba ya rasa maƙiyi ranar biya.

A 1290 Sarki Edward na ɗaya ya kore su daga Ingila. Bayan kusan shekara 300 Shakespeare ya ƙirƙiro Shylock, mai ba da bashin da ya nemi a yanko masa tsokar wanda ya kasa biya. Yawancin masu kallo ba su taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A 1940 gwamnatin Hitler ta fitar da fim ɗin Jud Süß da irin wannan hoto, ana dab da fara kisan kiyashi.

A Amurka, Yahudawa da kansu suke tsokanar kansu, kamar Fran Drescher a The Nanny (1993 zuwa 1999). Wannan ya fi kama da wasan Fulani da Barebari, inda wanda aka tsokana yake da bakin ramawa.

Na Dieudonné daban ne. Wannan ɗan wasan Faransa, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya yi suna tare da abokinsa Bayahude, Élie Semoun. A Disamban 2003 ya fito a tashar France 3 cikin shigar Bayahude mai tsattsauran ra'ayi, daga baya ya koma yin ba'a da kisan kiyashin. Kotuna sun sha cin sa tara. A Janairun 2014 aka hana wasansa a birnin Nantes, a 2020 kuma YouTube da Facebook suka rufe shafukansa.