Ginin Jami'a da Yanayin Ƙasa: Darasi Daga Tsohuwar Kwalejin Katsina



Duk wanda ya taɓa zama ɗakin lacca na siminti da kwano a watan Afrilu, bayan an ɗauke wuta, ya san abin da ya tara mu yau. Malami na gumi, ɗalibi na fifita da littafi, hukuma kuwa na zuba kuɗi a man janareta. Tambayarmu ita ce: shin za a iya tsara ginin jami'a ya sanyaya kansa?

Amsar tana nan cikin birnin Katsina. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da ƙasa aka gina ta, kuma ga ta nan tsaye bayan shekara ɗari. Hikimar irin wannan gini ita ce kaurin bango. Bangon tubali yakan shanye zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi sanyi. Rufin soro na azara kuwa ba ya ɗaukar zafi kamar kwano.

Saboda haka, in za a yi sabon gini a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Al-Qalam, ya kamata dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, a ƙanƙanta tagogin gabas da yamma, a ɗaga rufi domin iska mai zafi ta sami mafita, a kuma bar tsakar gida mai itatuwa.

Za a ce ginin ƙasa yana tsoron damina, kuma yana bukatar yaɓe a kai a kai. Gaskiya ne. Magabata sun kare shi da makuba da katsi da indararo. Yau kuma akwai bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan. Da irin wannan bulo su Mariam Kamara suka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, wanda aka gama a 2018.

Abin da ya rage yana hannunku, ku ma'aikata masu duba zanen gini. Kafin ku sa hannu, ku tambayi mai zanen: in babu wuta, za a iya karatu a ɗakin nan?